Hanyar da Na Zana Mana Zuwa Ngaundere

Ba zan taɓa mantawa da tafiyarmu Kamaru a kan babur ba, ko na so in manta ma abokaina ba za su bar ni ba.

Mu shida ne a Jalingo muke yawon buɗe ido da babura. Kullum Baffa Hamman ke jan gaba, wani dattijo da ya daɗe yana fataucin shanu ta wajen iyaka. Ni kuwa na sayi sabuwar waya, na sauke manhajar taswira, sai kaina ya kumbura. A majalisarmu ta unguwar Barade na miƙe na ce zamanin tsayawa tambayar hanya ya wuce, a ba ni jagoranci. (Har cewa na yi waya daga sama take kallon ƙasa, Baffa kuwa sai abin da ke gaban tayarsa. Allah Ya yafe mini.) Suka ce to, a gwada ni.

Sati biyu na yi ina zana hanyar Ngaundere, da inda za mu sha mai da inda za mu kwana. Can na gano wata 'yar hanya bayan Toungo da za ta rage mana rabin yini. A hoton tauraron ɗan'adam fes take, farin yashi har da sawun taya. Baffa ya leƙa wayar, ya tambaye ni a wane wata aka ɗauki hoton. Na ce hoto ai hoto ne. Ya ƙyale ni. A tsakiyar damina muke fa.

Rana ta biyu da hantsi, mun tsallaka iyaka, ina gaba ina hura hanci, sai hanyar ta kai mu bakin kogi, ya cika ya batse, jawur da shi. Muka kashe babura. Cikin wannan shirun muryar matar nan ta cikin waya ta ce mu ci gaba miƙe. Bulus, makanikenmu, ya cire hular kwano ya ce, "Oga jagora, ka shiga, muna bayanka."

Maimakon in kama bakina, sai na nufi wata mata mai wanki a bakin ruwa, ina nuna mata waya ina rantsuwa akwai hanya a nan. Ba ta jin Hausa, dole Baffan da na raina ya yi mana tafinta. Ta dubi wayar, ta dube ni, ta yi magana da Fulatanci. Baffa ya juyo ko murmushi babu.

"Ta ce da gaskiyarka, ɗana, hanya tana nan. Tana ƙarƙashin ruwa. Ka dawo da rani."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa wayar. Bulus ya yi dariya sai da ya zauna a laka.

Baffa ya tayar da babur ya ja mu ta gefen kogi zuwa wani mashigi da ake ɗora babura a kwale-kwale. Tafiyar ta yi daɗi ƙwarai, kuma ko sau ɗaya bai goranta mini ba.

Da muka dawo gida ban jira a tsige ni ba, da kaina na mayar masa da jagorancin. Har yanzu ni ke zana hanya, amma sai na kai masa ya duba, don na gane waya ba ta san damina ba. Ni ne na biyu a layi yanzu, kuma wallahi wurin ya dace da ni.