Hoton Iya Gaji Kafin Aikin Ido

"Lafiya lau, in ban da tun hantsi nake tsaye kamar mai gadi. Mijin banza, sai yanzu?"

Haka Iya Gaji ta amsa gaisuwar jikanta Zuhair, mai ɗaukar hoto a unguwar Yalwawa ta Dutse, wanda ya taso a babur har Kiyawa saboda kiranta. Gobe za a yi mata aikin yanar ido a Dutse, motar da za ta kai ta asibiti kuma da azahar za ta iso. Tsoro ya hana tsohuwar sakat, amma ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba. Ita dai ta kafe a ɗauke ta hoto yau, ta kalla tun idon yana ɗan gani. Ta sha farin mayafi, ta tsaya a gaban rumbunta, ta ba rana baya don idon ba ya jure haske.

Zuhair ya ɗauka, ya duba. Rumbu ya fito, sama ta fito, Iya kuwa baƙi ƙirin.

"Nuna min," in ji ta. Ta kai kyamarar dab da hanci. "Wannan kututturen fa?"

"Ke ce, amarya."

"Ni? Ubanka ne dai! Ni da aka yi dambe a kaina a kasuwar Kiyawa?"

"Damben gudu dai, kowa na cewa ba shi ba. Iya, juyo ki fuskanci rana."

"Ka ƙarasa min idon kafin likita? Wato gadon rumbun kake so."

"To in kunna filasha."

"Walƙiyar nan? Kunna ka ga saki uku a tsaye!"

Ya sake ɗauka, ya sake, duk kanwar ja ce. Yana ta satar kallon agogo.

"Kyamarar ce take auna hasken bayanki," in ji shi. "Ta ga sama fau, ta ga mayafi fari fat, sai ta runtse ido, ke kuma ki faɗa duhu."

"Ashe ita ma yanar ido gare ta. Sako ta a mota a yi mana aikin tare."

"Zan sa ta auna fuskarki kaɗai, in ƙara buɗe mata ido. Amma fa rumbun zai wanke, ba za a gan shi sosai ba."

"A'a! Geron da na noma da hannuna? Wa zai san ba cima-zaune ba ce ni, irin ka?"

"Zaɓi ɗaya, Iya. Ko ke, ko rumbu."

Daga waje aka ji hon ɗin mota, sai ta damƙe bakin mayafinta.

"Zuhairu," muryarta ta sauka, "in aka buɗe bandejin na ga duhu fa?"

Tausayinta ya kama shi. Ya sa kyamara ta auna fuskarta kaɗai, ya ɗaga ta.

"Sai ki huta da ganin kishiyoyin da zan jero miki. Tsaya cak."

"Ɗan nema!" Dariya ta ƙwace mata, shi kuwa ya danna.

Wannan karon rumbu ya narke cikin haske, fuskar ta fito tar, har tsagen kumatunta da giɓin haƙori. Ta daɗe tana kallo da idon da ya fi dama-dama.

"Wallahi kamar innata. Wanko min babba yau, a rataye a ɗaki."

"Ba yau ba. Sai kin dawo, ki zo shago da ƙafarki, ki zaɓo shi da idonki cikin hotunan 'yan mata."

"In ban gane shi ba fa?"

"Za ki gane. Wanda ya fi muni ne."

Ta yi dariya har da hawaye, ta kwance bakin zane ta cusa masa farin goro a hannu.

"Ka ci, miji, na janye sakin. Riƙe min hannu zuwa mota, ƙafafun nan rawa suke."