Ranar da Na Haye Bayan Inna Tumba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kusa kashe auren yayana tun ba a ɗaura shi ba, kuma duk a kan hoce guda mai zafi. Yanzu na tsufa, haƙoran cin hocen ma sun yi nasu wuri, amma in abin ya faɗo mini a rai sai na ja mayafi na rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

A lokacin ba a kai ga shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau ba. Matafiyi ƙafarsa ce abin hawansa, in Allah ya rufa masa asiri ya sami jaki. Mu mutanen Furfuri ne, ta wajen Bungudu. Ina da aurena, har na yaye ɗan fari, wato a ido dai na isa a kira ni mace mai hankali. (A ido fa na ce.)

Ina da taubashiya, Kulu. Babana da innarta ciki ɗaya suka fito, kuma tare muka tashi, tabarma ɗaya, ƙwarya ɗaya. Kun san wasan taubasai, kowa cewa yake ɗayan bawansa ne. Ni ɗiyar namiji ce, don haka na ce ni ce uwargijiya, ita kuwa Kulu ta ce sai dai bayan ranta. Dokarmu tun muna yara ita ce, duk wadda ta riga ganin 'yar'uwarta da abinci a hannu ta shammace ta, ta haye bayanta, ta ƙwace, ta kira ta baiwa. Abin da muka fi yin kokawa a kansa kuwa hoce ne. Wanda bai san hoce ba ya yi asara. Garin dawa ne ake kwaɓawa a gasa a tukunyar ƙasa har bayansa ya yi ƙanzo, cikinsa na tururi. A marmasa shi da ƙuli-ƙuli da man shanu, ko a tsoma a miyar sure, wallahi ko mutuwa aka yi maka sai ka ɗan ji sanyi.

Da aka yi wa Kulu aure aka kai ta Tsafe, na yi kuka har idona ya kumbura. Na ba ta wani zanen saƙi baƙi mai ratsin ja, wanda ni na kaɗa zarensa da hannuna. A cikin 'yan rakiyar amarya akwai yayana Mamman, kuma a can ya ga Hassi, ƙanwar mijin Kulu. Ya dawo Furfuri ba ya ci ba ya sha, sai kallon gabas. Ita ma Hassi an ce tana so. Ubanta bai ƙi ba, amma kowa a Tsafe ya san maganar gidan tana hannun uwarta, Inna Tumba, matar da aka ce ko jikokinta ba su taɓa ganin haƙorinta ba. Ga kuma wani mai sayen gyaɗa daga Gusau da ke ta zarya. Inna Tumba ta aiko cewa ba za ta ce komai ba sai ta ga matan gidanmu, don ɗiyarta da mata za ta zauna, ba da maza ba.

Shi ya sa bayan an gama girbi aka shirya tafiya: Baffa ɗan'uwan babanmu, Innarmu, ni, da Mamman mai kora jakuna. Ana gobe za mu tashi wani falke ya kawo mini saƙon baki daga Kulu. Wai a gaya wa baiwarta, ranar da za mu iso za ta gasa hoce, kuma ko ƙanzonsa ba zan lasa ba sai na durƙusa na gaishe ta. Jama'a, ni? Tun daga nan kaina ya ɗau zafi.

Tafiyar nan ban taɓa yin mai daɗinta ba. Rabona da fita garinmu tun ina yarinya, don haka komai na gani sai na yi magana. Na yi wa jaki waƙa, na yi wa Baffa tsiya da jakinsa ya kwanta da shi a tsakiyar rafi, na yi ta tsokanar Mamman ina kiransa angon da ba amarya. Muka yada zango a Gusau gidan wani tsohon abokin Baffa, matarsa ta cika mu da fura da nono har na kasa sunkuyawa. Da muka wuce ta gindin dutsen Kwatarkwashi na ɗaga kai ina kallo har kallabina ya faɗi.

Shi kuwa Mamman, Allah sarki, duk inda aka tsaya shan ruwa sai ya matso kusa da ni.

"Don Allah, don Annabi, in mun isa ki kama bakinki. Kwana biyu kaɗai, ki ara mini hankalin wata."

"Haba Yaya, ni ce fa."

"Ai shi ne abin da ke ba ni tsoro."

Innarmu ma ba ta bar ni ba. Ta koya mini yadda zan shiga da sallama a hankali, in durƙusa nesa, in sunkuyar da kai, in an ba ni abinci in taɓa kaɗan in ture. Har gwaji muka yi a gindin wata tsamiya, Baffa ya zama Inna Tumba. Na yi kyau ƙwarai, Innarmu har da sa mini albarka. To amma hali zanen dutse ne.

Da hantsi muka shiga Tsafe. Mamman ya tsaya da jakuna a bayan gari, don ba a zuwa neman aure da mai auren. Baffa ya zauna a zaure wurin maza. Innarmu ta ratse gidan maƙwabta don ta wanke ƙafa ta sake zane, ta ce da ni, "Shiga a hankali ki gaya wa Kulu mun iso."

Ina sa ƙafa a soron ciki ƙamshi ya mare ni. Hoce! Duk karatun gindin tsamiya ya bi iska. Na ce a raina, in na yi sallama ai na tona wa kaina asiri. Na tuɓe takalmi na riƙe a hannu, na leƙa ta gefen zana. Can kusa da murhu ga mace ta juya baya, ta sunkuya a kan tukunya tana ciro hoce tana jerawa a faifai. A jikinta kuwa zanena ne, baƙin saƙi mai ratsin ja. Ko a cikin dubu ba zan kasa gane zaren da na kaɗa ba. (Na dai lura Kulu ta ƙara faɗi, amma na ce daɗin aure ne.)

Na ajiye takalmi. Na yi sanɗa. Da na zo daf sai na daka tsalle na haye bayanta, na ɗaɗa mata duka a ɗuwawu, na miƙa hannu ta kan kafaɗarta na wawuri hoce mafi girma na cusa a baki, na kware murya yadda duk unguwa za ta ji:

"Ke baiwa! Durƙusa, uwargijiyarki ta iso!"

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba ta rama ba. Da Kulu ce, da tuni ta kayar da ni. Sai na ga furfura ta leƙo ta ƙarƙashin kallabi, daidai hancina. Na zame ƙasa a hankali. Matar ta miƙe, ta dafe ƙugu, ta juyo. Tsohuwa ce doguwa, fuska a murtuke, kuma ba sai an gaya mini ko wace ce ba.

Ku da kuka zo daga baya ba za ku san nauyin kalmar nan ba. A wancan zamanin ba a daɗe da daina cinikin mutane ba, kuma akwai masu ciwon abin a ransu. Tsakanin taubasai wasa ne, amma baƙuwa ta shigo gidanka ta kira ka da ita, magana ce da ke iya kaiwa gaban alƙali. Ga kuma hoce a bakina yana cin harshena. In tofar, na tofar da abincinta a gabanta. In haɗiye, ba ya haɗiyuwa. Na zube a ƙasa kumatu a cike, hawaye na zuba, ina ta huci ta hanci. An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, to ni ranar ban buƙaci a fassara mini ba.

Kulu ta fito daga ɗaki da ƙwarya a hannu, ta gan ni, ta ga surukarta, ƙwaryar ta faɗi. Daidai nan kuma muka ji muryar Innarmu a bakin zana, siririya mai ladabi: "Salamu alaikum, masu gida."

Inna Tumba ba ta ko dubi ƙofa ba. Ta ce, "Ɗiyar wa ce wagga?"

Innarmu ta dube ni, ta dubi takalmina a yashe, ta dubi shaidar hannuna mai ƙurar hanya a bayan zanen. Na ga ta yi niyyar cewa ba ta san ni ba. Daga baya ta ce, "Tawa ce," kamar mai amsa laifin sata.

Tsohuwar ta sunkuyo kaina. "To, uwargijiya. Ya hocen? Ya gasu?"

Nan ne ya kamata in yi shiru. Amma tsoro ya kwance mini baki, na haɗiye da ƙyar na ce, "Wallahi Inna, ya fi na Innarmu daɗi."

Kallon da Innarmu ta yi mini, har yau in na tuna sai na gyara zama.

Ba wanda ya yi dariya. Inna Tumba ta ce a kai baƙi ɗaki, ta koma kan tukunyarta. Muna shiga Innarmu ta kama kunnena ta murɗe. "Kin kashe mu. Ki tashi ki je bayan gari da bakinki ki gaya wa ɗan'uwanki." Na tuna Mamman zaune cikin jakuna, ya sa sabuwar rigarsa ko da ba mai ganinsa, yana jiran albishir. Nan na yi kuka na gaskiya, ba na zafin hoce ba. Kulu ta shigo ta rungume ni, tana kuka tana shaƙewa da dariya a lokaci guda. Ashe surukarta ce ta yaba zanen, ita kuwa ta ba ta don neman shiri. Hocen ma tsohuwar ce ta karɓe gashin, wai Kulu za ta ƙona wa baƙi.

"Ke ma dai," in ji Kulu, "ina kika taɓa ganin na yi wannan faɗin?"

Sai bayan azahar aka kira mu. Matan gida duk sun hallara, Hassi na laɓe bayan ƙofa. Na rakuɓe a bayan Innarmu ina fatan ƙasa ta tsage. Innarmu ta fara ba da haƙuri, Inna Tumba ta ɗaga mata hannu.

"Bari, 'yar'uwa. Tun da anka kawo Kulu gidan ga, kullum zancenta guda, taubashiyarta ta Furfuri. Na ɗauka ƙari take yi, ashe ragewa ta yi." Ta gyara zanen nan nawa. "Masu zuwa neman ɗiyata kowa da fuskar aro yake zuwa, ban san abin da ke ƙasa ba. Ku kam na ga taku tun ban shirya ba. Wadda ta taho tun daga ƙasar Bungudu, ba ta nemi ruwa ba, ba ta nemi inuwa ba, sai 'yar'uwarta, gidansu ba a maraici. A gaya wa maza na ba da Hassi."

Guɗa ta tashi. Na ɗago kai zan yi godiya, ta nuna ni da yatsa.

"Ke kuma tsaya, ban ƙare da ke ba. Kin ce ni baiwarki ce, unguwa duk ta ji, ni kuwa ban musa ba. To ubangiji shi ke ciyar da bawa nai. Duk kaka ina jiran dawar hoce, da daddawa, da man shanu. In kin makara in kai ƙara."

Sai ga haƙoran Inna Tumba a waje. Ta yi dariya har tana riƙe ciki, jikokinta suka taru suna kallonta kamar sun ga sabon wata.

Da na kai wa Mamman labari a bayan gari, sai da ya sa na maimaita ƙarshen, sannan ya zauna a ƙasa da sabuwar rigar ya ce in yi masa alkawari ranar ɗaurin aure zan zauna a gida. Ban zauna ba.

Kada ku ɗauka wasa take yi. Duk kaka sai na ɗaura wa jaki kaya zuwa Tsafe, maigidana na tsaye yana tambaya ko shi ma zai sami mai hawa bayansa a riƙa yi masa aike. In kuwa biki ya haɗa mu, tsohuwar nan sai ta bari mutane sun cika, ta taso ta rusuna a gabana ta ce, "Ranki shi daɗe, a gasa ko a dama?" Ni kuwa in rasa inda zan sa kaina. A haka muka zama aminai, har Kulu na cewa na ƙwace mata suruka. Shekarar da ta rasu, sai da na auna dawarta na ɗaure bakin buhu kafin na tuna babu mai karɓa, na zauna a gindin rumbu na sha kukana.

Don haka ku yara, ga abin da na koya, kyauta na ba ku. Sallama ba ta taɓa ƙona bakin kowa ba. In kuma lallai sai kin haye bayan mutum, ki zagaya ki ga fuskarsa tukuna, in ba haka ba ki tabbata rumbunki a cike yake.