Sunan Da Hajiya Tabawa Ta Ƙi Faɗa

Kun san Haladu, abokinmu mai kwamfuta na Sabon Garin Gusau, wanda ko gaisuwa ka yi masa sai ya gaya maka cewa zamani ya wuce ka. To, ranar Asabar ɗin nan ya gamu da daidai shi. Maƙwabciyarsu Hajiya Tabawa mai dambun nama ce ta aika a kira shi. Ɗanta na fari yana aiki a Abuja, shi yake kai dambun can, har mutane suka liƙa wa dambun sunansa. Jikarta kuma ta tsorata ta, ta ce in ba ta yi sauri ta kama sunan a intanet ba, wani ɗan damfara zai riga ta, ya buɗe shafi da shi yana sayar wa jama'a dambun jaki. Tun ranar Hajiya ta daina barci mai daɗi.

Haladu ya iso da kwamfutarsa a hammata, ya baje a tabarmar tsakar gida yana ta bayani kamar an tambaye shi. Ya ce akwai wata hanya da ake kira whois, wato ka tambayi masu rajistar sunayen shafuka ko suna kaza yana da mai shi. Ya saita manhajarsa yadda da ya rubuta suna za ta je ta tambayo, ta dawo ta ce babu kowa a kai, ko ta ce an riga an kama, ga mai shi. Da ya gama fankamarsa sai ya ɗora yatsu a kan madannai.

"To Hajiya, wane suna za a duba?"

"Dambun wancan," in ji ta.

"Wane wancan?"

"Yaron nan mana."

"Babangida? Sai in rubuta Dambun Babangida."

"A'a. A Abuja ba su san shi da wannan ba. Da sunansa na yanka suke kiran dambun."

Nan fa ake yin ta. Duk unguwar Babangida suka san shi, don sunan kakansa na wajen uba ya ci. Ga shi ɗan fari, ga shi sunan suruki. Hajiya tun da aka raɗa sunan bai taɓa fita daga bakinta ba, kuma ba ta ga dalilin da za ta fara ranar Asabar saboda wani ƙarfe ba. Haladu ya miƙa mata biro ya ce ta rubuta. Ta dube shi sheƙeƙe ta ce abin da baki ya ji nauyinsa, hannu ai ƙanen baki ne. Ya ce to bari ya buga wa Babangidan waya. Ta ce kada ya kuskura. Ita ba ta so yaron ya san ta damu da sunansa har ta kira ma'aikaci a kai, sai ka ce wata marar ta ido.

Haladu ya share gumi. "Hajiya, wannan fa na'ura ce. Na'ura ba ta san kunya ba. Abin da aka ba ta shi take dubawa. Irin wannan kunyar taku ce ta hana mu ci gaba."

"To ka ci gaban mana, wa ya riƙe ka?" ta ce, tana juya dambu a tukunya. "Ka yi ta kiran sunaye. In ka zo kansa zan yi gyaran murya."

Wallahi haka aka yi. Babban mutum mai digiri ya zauna yana kiran sunaye kamar malamin aji, duk wanda ya kira sai ya cusa wa manhajar ta je ta tambayo. Da ya ce Lawali sai Hajiya ta yi gyaran murya. Ya yi murna ya rubuta Dambun Lawali, manhaja ta ce babu kowa a kai. Yana shirin kamawa ta ce ya dakata, wannan sunan marigayi mai gidan ne, dole ta yi gyaran murya. Ya ce Isiyaku, ta sake yi, ashe wan mai gidan ne. Ya ce Hamisu, ta yi har sau biyu, wai na farkon na mijin ƙanwarta ne, na biyun kuma hayaƙi ne ya sarƙe ta. Kafin azahar Haladu ya gano sunayen surukan Hajiya kusan kaf, ya kuma tabbatar babu ɗayansu da aka kama a intanet, amma sunan da ake nema ko ƙamshinsa bai ji ba.

Ta ga ya fara fita hayyacinsa, sai ta tausaya masa ta ba shi satar amsa. Ta ce sunan limamin masallacin bakin kasuwa ne. Haladu ya zari takalmi ya tafi cikin rana, ya tambayi masu shaguna, ya tambayi ladan, kowa ya ce shi dai Liman ya san shi. Limamin kuma ya tafi Ƙauran Namoda ɗaurin aure. Ya dawo wujiga-wujiga ya ci gaba da kiran sunaye, yanzu kam da fushi yake jefo su. Yana cewa Zubairu, Hajiya ko tari ba ta yi ba. Ta ajiye ludayi, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige ɗaki.

Haladu ya yi hamdala ya rubuta Dambun Zubairu. Manhaja ta je ta dawo ta ce an kama.

Hajiya ta fito da salati, ta zauna daɓas a kan turmi. Ni kaina da Haladu yake ba ni labarin sai da na ji tausayinta, don guminta ne da sunan ɗanta a hannun wani.

"Wane marar tsoron Allah ne? Ka ce tana faɗin mai shi. Tambaye ta."

Haladu ya duba. Inda ya kamata a ga sunan mai rajista, an rubuta cewa an sakaya. Ya sake saita manhajar, ya tura ta wani rumbun rajistar daban, ta dawo da ranar da aka kama sunan da ranar da zai ƙare, amma sunan mutumin an sakaya. Ya kashe ya kunna, ya yi mata tsawa, tana nan kan bakanta.

"Ta san shi fa, Hajiya, faɗa ne ba za ta yi ba."

"To kada ka matsa mata," in ji Hajiya cikin sanyin jiki. "Ka sani ko ɗan farinta ne?"

Haladu dai ya gaji. Ya faki idonta ya buga wa Babangida, ya sa a sifika don ta ji da kunnenta, ya ce masa an sace sunan dambu. Babangida ya yi ta dariya har da tari.

"Ai ni na kama shi tun bara. Na zo har gida in gaya mata, ina fara karanto sunan shafin ta ja mayafi ta shige ɗaki."

Hajiya ta juya baya kamar ba da ita ake ba, amma Haladu ya ga hankalinta ya kwanta. Haladu ya kashe wayar ya rufe kwamfutar da ƙarfi.

"Dubi wannan banzar na'ura. Da ta faɗi sunan nan tun ɗazu da ba mu huta ba?"

Hajiya ta zuba masa dambu a leda, ta miƙa masa.

"Kai ka ce ba ta san kunya ba. Ita yini ɗaya ta yi a gidan nan ta koya. Kai kuwa tun kana rarrafe kake shigowa."