Ranar da na yi shelar cikin Alhaji

Shekara ashirin muna rubuta awon mutane a jikin bangon shagon ɗinkinmu na Mayahi, har ranar da na ga mun girmi alli. Na tafi Maradi na gwada kamfani uku masu ajiye wa mutum bayanai a intanet, na zaɓi wanda ya fi saurin buɗewa. Na tambayi komi da komi, ban da abu guda: in babu rezo, wato sabis ɗin waya, fa?

Da na dawo na zuba awon duka a ciki, na sa aka shafe bango da farar ƙasa. Malam Sani, dattijon telanmu, ya ce, "Maigida, a bar ko kusurwa guda mana." Na ce masa zamani ya wuce nan, har da dafa masa kafaɗa.

Saura kwana biyar Salla, ga shadda jibge, rezo ya ƙi shiga shago. Sai bisa soro yake kamawa. Haka na hau ranar kasuwa, salula a sama, ina ƙwala wa Malam Sani awo yana yanka a ƙasa.

"Alhaji Isufu! Ciki ɗari da talatin!"

Ashe Alhajin yana tsaye wurin mai tsire. Ya ajiye tsinken a hankali, ya wuce. Garin Tasawa yake kai ɗinkinsa yanzu.

Malam Sani dai alli kawai ya sayo. Ni kuwa har yau in na ratsa kasuwa sai wani ya ɗaga murya: "Ladan, yau cikin wa za a kira?"