Rasuwar Kyauta, Algaitar da Ta Tsare Mini Numfashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tsoron da ban ga amfanin ɓoye shi ba, ni Rahma Zakariya'u ta unguwar Zariya, Maraɗi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka sha yi mini dariya, rasuwar algaitata, Kyauta. Ta cika ranar Talata da hantsi a tsakar gidanmu, ina wurin aiki.

Ga wanda bai san abin da ya haɗa mu ba: numfashina yana tsayawa cikin barci. Minshari ya yi ƙarfi, sai ya yanke, sai shiru, har in zabura ina haki kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Da haka na gama lakwal, wato makarantar boko, da haka na ɗauki digirin lisans, ina gyangyaɗi a aji, ina gyangyaɗi bisa babur bayan ɗan kabu-kabu, har wata rana na faɗo a bakin kasuwa. Likita ya ce naman maƙogwarona ne ke saki ya toshe hanya. Akwai na'urar da ake kwana da ita a fuska, amma ita sai da wuta, kowa kuwa ya san halin wutar garin nan. Likitan ya ce busa algaita tana iya ƙarfafa wurin. Bai yi mini alkawari ba, ya ce dai in jarraba.

An haifi marigayiya a Tibiri, a hannun Baba Bawa mai algaita. Shi ya sassaƙa ta, ya naɗe ta da jar fata, ya ba ni ita duk da surutun cewa mace ba ta busa. Kafin ya bar ni in taɓa ta, sai da na yi wata da watanni ina hura siririn kara cikin kofin ruwa, ina jan iska ta hanci ba tare da kumfa ya tsaya ba.

Marigayiya ba ta da sirri. Kukanta na farko "fiiif" ne, irin na akuyar da aka taka. Daga baya ta koma "tiii-riri-riii", har bakin titi ana jinta. Aka ce ɗiyar Zakariya'u ta gama boko ta zama maroƙiya. Aka ce wa zai auri mai kumatun kwaɗo. Na ji duka, ban ajiye ta ba. Ciwon kan safe ya tafi. Inna, wadda ta yi shekaru tana gadin numfashina, ta koma ɗakinta ta yi barci.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Kaka Tani ta zo mana daga Jiratawa. A wurinta ciwona dannau ne, algaita kuwa ita ke kiran iskoki. Ba ta jefar da ita ba, magani ta so yi mata. Ta ɗora ta bisa kaskon garwashi, ta zuba turare, ta lulluɓe da zane. Fatar ta ƙanƙance, icen ya tsage daga wuya har baki. Da na dawo na hura, abin da ta iya cewa kawai shi ne "hhhh". Na san wannan sautin. Inna ta ce shi nake yi kafin shirun.

Ban riƙe Kaka a raina ba. Don so ta yi, har yanzu tana kuka.

Ta rasu ta bar Baba Bawa, wanda idonsa ya tafi, hannunsa na rawa, ya ce shi da sassaƙa har abada. Ta bar Inna, wadda ta sake shimfiɗa tabarmarta gefen gadona. Ta bar maƙwabta da suka samu hutun da suka daɗe suna roƙo. Ta kuma bar ni. Likita ya ce in aka daina busa, naman yana koma wa halinsa. Tun jiya minsharin ya fara dawowa. Ban taɓa jin tsoron bakin kowa ba, amma yanzu ina tsoron matashin kaina.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a gindin dogon yaron gidanmu. Kada a zo da turare, kada a zo da laya. Wanda ya san mai sassaƙa algaita, daga Tibiri har Katsina, ya aiko mini. Wannan ita ce ta'aziyyar da nake so. Kafin nan na koma kan kara da kofin ruwa.

Maƙwabta kuma, ga roƙona. In kun ji minshari ta bayan katanga, ku yi haƙuri, ina raye ke nan. In ya yanke kuka ji shirun ya yi tsawo, ku bugo ƙofa da ƙarfi. Inna ta tsufa, barci yana iya sace ta.