Farautar Zabi a Sama

Da aka kawo kwamfuta ofishinmu a Gusau, Malam Sani akawu ya sa mata wasan jirgin yaƙi, wai a kakkaɓo manyan jirage masu jefa bom.

Na ce, "Ku matsa! Ni da na tashi ina harbin zabi a Kwatarkwashi?"

Na sanɗo ta bayan jiragen sannu a hankali, har ina tsawata wa mutane su yi shiru kada jiragen su watse. Ashe kowane jirgi da ɗan bindiga a wutsiya. Wuta ta ko'ina! Sai ga ni ƙarƙashin tebur, hula ta yi nata wuri.

Malam Sani ya leƙo. "Sarkin Baka, ashe zabin ga na ramawa?"

Har yau in jirgi ya gifta, sai su ce, "Shiru, Sarkin Baka na sanɗa."