Janareta Mai Taya Huɗu

Duk cikin 'yan Kanon da ke unguwar Hor Al Anz a ƙasar Larabawa, ni kaɗai, sarkin wayo, na sayi tsohuwar ƙaramar mota mai gudu, mai shan dizal. Na sa bakanike ya cire matatar hayaƙi, wai ita ke danne ta.

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci, na tsayar da maigidana, Alhaji Bala, a bayanta, yana sanye da farar shadda.

"Alhaji, ka saurari ƙarar kawai."

Na taka totur. Da hayaƙin ya washe, idanunsa kaɗai suka rage farare.

Ya dubi rigarsa ya ce, "Khalas, shi ke nan. Janareta ka saya."

Har yau, in aka ɗauke wuta a Kano, sai an bugo mini waya a tambaye ni ko motar na kusa.